Yadda Ake Fara Koyon Sassaƙa da Zanen Ƙwarya a Maradi

Wanda ya ratsa babbar kasuwar Maradi ranar Litinin ko Juma'a zai ga cewa roba da kwanon silba sun mamaye wuraren da ƙwarya ke cikawa a da, amma zai kuma ga cewa ƙwaryar ba ta bar gari ba. Masu fura da nono har yanzu a cikinta suke damu, uwar amarya tana neman masaki da ludayi idan za ta haɗa kayan ɗaki, mai goge da mai gurmi ba su da abin da zai maye musu gurbinta, mata kuma suna kiɗan ƙwarya da shantu a gidajen biki. Sassaƙar ƙwarya sana'a ce da matashi ko matar aure za su iya farawa da jari kaɗan, a gindin bishiya ko a tsakar gida. Abin da take nema da yawa shi ne haƙuri wajen shiri, domin yawancin ƙwaryar da ke lalacewa a hannun mai koyo ta riga ta lalace tun kafin wuƙa ta taɓa bayanta, ko dai wajen zaɓe ko wajen wanki da shanya. Saboda haka zan daɗe a kan waɗannan matakai fiye da yadda mai gaggawa zai so.

Zaɓen duma

Manoman karkara suna shuka duma da damina, wasu a gefen gonar hatsi, wasu a bar shi ya hau danga ko rufin ɗaki, kuma yana ɗaukar wata huɗu zuwa biyar kafin ya ƙosa. Ba a cire shi sai yaɗon ya bushe. Wannan ya sa lokacin da ya fi dacewa a saya shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da kaya suka yawaita a kasuwannin ƙauye, na Tibiri da Madarunfa da Gidan Rumji da makamantansu, mai saye kuma yake da damar ya ɗauka ya ajiye ya zaɓi wanda ya kwanta masa. Wanda yake son ya yi aiki har zuwa bazara, a wannan lokaci ya kamata ya tara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan ka ɗauki duma, fara duba wutsiyarsa. Wadda ta bushe ta yi ruwan ƙasa alama ce cewa a jikin yaɗo ya nuna, wadda kuwa ta yanƙwane tana da sauran kore tana nuna an cire shi da wuri, kuma irin wannan yakan motse ko ya tsage yayin bushewa. Sai ka girgiza shi kusa da kunne, ka ji ko 'ya'yan cikinsa suna kaɗawa. Bayan haka ka danna shi da farcen babban yatsa: idan farce ya shiga, ka ajiye. Wurin da ya fi buƙatar dubawa shi ne gefen da ya kwanta a ƙasa lokacin da yake gona, domin nan ne laima ke ci, nan ne kuma ɓawon ya fi rauni. Ƙananan huji masu fitar da gari kuwa aikin ƙwaro ne, kuma duman da ƙwaro ya shiga zai kai ɓarnar ga sauran idan aka haɗa su wuri ɗaya.

Shawarata ga mai farawa ita ce kada ya fara da duma rufaffe. Ya sayi ƙoƙo ko matsakaiciyar ƙwarya da aka riga aka fafe, domin a bakinta zai ga kaurin ɓawon da idonsa. Kaurin da ya kai milimita 4 zuwa 6 yana ba wuƙa wurin shiga ba tare da ta ɓulla ciki ba, wanda bai kai milimita 3 ba kuwa sai dai a yi masa zanen wuta mara zurfi. Ya ɗaga ta sama ya kalli cikinta ta fuskar rana, duk tsagar da ido bai gani ba haske zai tona ta. Kafin ya bar rumfar, ya roƙi mai ƙwarya ya haɗa masa da sakaina, wato fasassun da ba su da ciniki. A kansu ne hannu zai koyi aiki.

Fafa, jiƙo da shanya

Idan lokacin fafa da kanka ya yi, ka ɗaura zare ya zagaye duman daidai inda kake son ya rabu, ka bi gefen zaren da fensir, sannan ka cire shi. Duman ludayi ana raba shi ne ta tsawonsa, daga wutsiya zuwa gindi, a sami ludayi biyu, gora kuwa bakinsa kawai ake yankewa. Ka kafa duman a kan gammo ko tsumma da aka naɗe don kada ya mirgina, ka fara da huda ɗan wuri a kan layin da bakin wuƙa, sannan ka sa zarto mai ƙananan haƙora, irin wanda ake yanka ƙarfe da shi, ka riƙa ja a hankali kana juya duman. Zarton katako mai manyan haƙora yana fizgar ɓawo ya bar bakin ƙwarya da giɓi. Kada ka yi ƙoƙarin ɓalle ragowar da hannu idan ya rage kaɗan, domin a nan ne tsaga ke gudu ta shiga jikin ƙwarya.

A ciki za ka tarar da totuwa da 'ya'ya. Ka ware 'ya'yan duman da ya yi maka kyau don iri, sauran kuma ka zuba ruwa a cikin ƙwaryar ka bar ta kwana biyu zuwa huɗu har totuwar ta yi laushi ta fara ruɓewa. Warin ba shi da daɗi, don haka a bayan gida ake wannan aiki. Sai ka kankare ta da tsohon cokali ko guntun ƙarfe mai lanƙwasa har ka kai ga farin ɓawo mai ƙarfi, ka goge da yashi mai laushi, ka ɗauraye. Ruwan jiƙon yana da ɗaci ƙwarai, kuma ɗacin duma yana ɓata ciki, saboda haka kada a zubar da shi inda awaki ko kaji za su sha. Ƙwaryar da za a ci abinci a cikinta tana buƙatar a yi ta sauya mata ruwa har sai an ɗanɗana an ji ɗacin ya fita, kuma mata da yawa suna amfani da ƙasarin hatsi wajen wannan jiƙo.

Akwai abin da ba na son a yi wasa da shi a nan. Busasshen duma yakan yi fumfuna a ciki da waje, kuma ƙurar da ke tashi idan ana kankare shi a bushe tana shiga ƙirji ta kawo tari da shaƙewa, musamman ga mai asma. Don haka a jiƙe ake kankara, a fili inda iska ke wucewa, tare da rufe hanci da baki da ƙyalle, kuma a nesa da jarirai.

Bayan ƙwarya ma yana da wata siririyar fata mai datti da tabon fumfuna. Ka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma na kimanin rabin awa, sannan ka kankare fatar da bayan wuƙa ko soson ƙarfe, ba tare da ka ji wa ɓawon rauni ba. A ƙarƙashi za ka sami santsin nan mai launin ruwan zuma wanda shi ne filin aikinka. Shanya kuma a inuwa ake yin ta, a kife a kan kara ko gado don iska ta shiga ta ƙasa, na tsawon kwana uku ko fiye. Ranar Maradi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana iya tsaga jiƙaƙƙiyar ƙwarya cikin yini guda, iskar hunturu ma tana yin haka idan aka bar ta a sarari. Idan ta bushe, ka daidaita bakinta da magagari ko samfefa har ta zauna daidai idan an kife ta a daɓe.

Kayan aiki

Ba su da yawa, kuma maƙeri ɗaya zai iya ƙera maka su duka. Kana buƙatar wuƙa mai gajeren ruwa da bai wuce santimita 4 ba, mai tsinin baki da ƙota mai cika hannu, da makankari mai faɗin baki don share fili, da basilla ko tsinken ƙarfe don huji da ɗigo. Don zanen wuta kuma sai ƙarafa uku ko huɗu masu ƙotar itace, ɗaya mai kaifin baki don jan layi, ɗaya mai faɗi don cike fili da baƙi, ɗaya mai tsini. Ka ƙara da dutsen wasa wuƙa, da fensir, da zare, da ɗan murhun gawayi. Ka gaya wa maƙerin aikin da za ka yi da su don ya san irin horon da zai yi wa ƙarfen. Doguwar wuƙar girki ba ta dace ba, domin nisan da ke tsakanin hannu da bakinta yana hana ka sarrafa ta a kan abu mai santsi da zagaye. Akwai alƙalamin ƙuna na lantarki da injin sassaƙa ƙarami, amma ban ga dalilin da mai koyo zai zuba kuɗi a kansu ba tun bai san ko hannunsa zai karɓi aikin ba.

Horon hannu a kan sakaina

Ka zauna a tabarma, ka shimfiɗa buhu ko fata mai kauri a cinyarka, ka ɗora sakaina a kai. Hannun da ke riƙe da ita ya kasance a bayan bakin wuƙa a koyaushe, domin ɓawon duma yana da santsi, kuma idan wuƙa ta zame ba ta tsayawa sai ta sami nama. Wuƙa mai kaifi ta fi dakusasshiya aminci, saboda dakusasshiya tana tilasta maka dannawa da ƙarfi, ƙarfin nan kuwa shi ke kawo zamewa.

Ɓawon yana da hawa biyu: na waje siriri ne mai tauri da sheƙi, na ƙarƙashinsa kuma fari ne mai laushi. Duk sassaƙar ƙwarya a kan wannan bambanci take tafiya, wato a cire na waje a wasu wurare don farin ya bayyana, a bar shi a wasu. Da zarar wuƙa ta ratsa hawan farko sai ta ji sauƙi ta nemi nitsewa, kuma abin da hannu zai koya shi ne ya san wannan lokaci ya sassauta. Zurfin milimita 1 ya wadatar. Ka fara da miƙaƙƙun layuka guda goma a jere, tsakaninsu daidai, sannan layuka masu giciye, sannan masu lanƙwasa. A wajen lanƙwasa, ƙwaryar ake juyawa, wuƙa tana nan inda take. Don samun layi mai tsabta ana yanka sau biyu, ɗaya a karkace ta dama, ɗaya a karkace ta hagu, su haɗu a ƙasa, siririn ɓawo ya fita da kansa. Kada ka taɓa ƙwarya mai kyau sai ka ga layukanka goma sun fito da zurfi ɗaya da faɗi ɗaya. Ga mai zama awa guda kowace rana wannan yakan ɗauki mako biyu ko uku, kuma shi ne matakin da masu koyo suka fi tsallakewa, su je su ɓata masaki, su ce sana'ar ba tasu ba ce.

Tsara zane

Ƙwarya ba takarda ba ce, zanen da aka fara ba tare da awo ba kuwa idan ya zagayo ba ya haɗuwa da mafarinsa. Akwai dabaru biyu da ke magance wannan. Ta farko don layukan da ke zagaye ƙwarya: ka kife ta a daɓe mai daidai, ka ɗora fensir a kwance a kan guntun katako, bakinsa yana taɓa jikinta, ka danne fensirin ka juya ƙwaryar har ta zagayo. Idan kana son wani layi a sama, sai ka ƙara katako. Ta biyu don raba ta gida-gida: ka auna zagayen bakinta da zare, ka yanke, ka ninka shi biyu, ka sake ninkawa, ka sake, ka sa alama a kowane ninki, sannan ka mayar da zaren jikin ƙwaryar ka kwafe alamomin. Ka sami gida takwas masu faɗi ɗaya ke nan. Tsakiyar bayanta kuma ana samun ta ne idan aka ja zare biyu daga baki zuwa baki suka gicciye juna.

Ka bar tazarar yatsa biyu daga baki ba tare da yanka ba, saboda nan ne ƙwarya ta fi saurin tsagewa, nan ne kuma hannu da leɓe ke taɓawa. Aikin farko ya zama ɗamara ɗaya mai kusurwa uku-uku a jere, da tauraro a tsakiya. Dagi da ƙadangare da kunama da jinjirin wata duk za su zo daga baya, dagi ma musamman, domin layukansa suna hawa juna suna shiga ƙarƙashin juna, kuma kuskure ɗaya a cikinsa kowa zai gani. Wanda yake son ya ga yadda ake cika ƙwarya da zane ba tare da ta yi hayaniya ba, ya kalli ƙoren matan Fulani da ke kawo nono gari, ko na Bororo na wajen Dakoro, waɗanda ke jera su a matsayin dukiyar mace da martabarta. Ya kuma tambayi tsofaffin gidansu ko akwai tsohuwar ƙwaryar aure da aka ajiye. A irin waɗannan ne ake ganin zanen yankinmu na asali, kuma abin baƙin ciki ne yadda muke barin gara ta cinye su ba tare da wani ya kwafe ba.

Yanka, kankara da wuta

Idan zanen fensir ya kammala, ka fara da yanka iyakokin kowane gida, sannan ka ɗauki makankari ka share filin da kake son ya yi fari, kana turawa daga iyaka zuwa tsakiya don kada ƙarfe ya tsallake layi. Ka yi gida ɗaya, ka tsallaka ka yi na daura da shi, maimakon ka bi su a jere, domin hannu yana gajiya yana sauya zurfi, kuma idan ka rarraba aikin bambancin ba zai taru a gefe ɗaya ba. Ka riƙa wasa wuƙa duk bayan ɗan lokaci.

Zanen wuta ya fi sauri, amma ba ya gyaruwa. Ka sa ƙarafanka duka a garwashi, kana aiki da ɗaya sauran suna ɗaukar zafi. Kowane ƙarfe da ka zaro, ka fara taɓa sakaina da shi kafin ƙwarya: idan ya yi ja ƙwarai zai ƙone ɓawon ya bar layi mai faɗi da gefe mai toka, idan ya huce kuma zai tilasta maka dannawa. Ana jan sa ne a tafiya ɗaya ba tare da tsayawa ba, domin duk inda ya tsaya sai ya bar rami. Ka zauna ta yadda iska za ta ɗauke hayaƙin daga fuskarka, ka ajiye ruwa kusa, kuma kada a yi wannan aiki kusa da danga ko rumbu, musamman da rani. Idan za ka haɗa hanyoyin biyu a ƙwarya ɗaya, wutar ce farko, kankara daga baya, don kada hayaƙi ya dishe farin.

Launi da mai

Don layukan wuƙa su fito baƙi, ana kwaɓa kunkunniya ko baƙin gindin tukunya da ɗigon man gyaɗa, a shafe ƙwaryar, a goge da tsumma nan take. Baƙin zai zauna a cikin yankan, santsin waje kuma ya fita tas. Sai dai a kiyaye filin da aka kankare, domin shi yana shan baƙin ba ya saki. Don fari, ana jiƙa alli ko farar ƙasa a cusa a wuraren da aka share, a bari ya bushe, a karkaɗe. Ja kuwa daga karan dafi ake samun sa, wanda dukawa ke rina fata da shi: a tafasa shi da 'yar kanwa, a shafa, kuma ya fi kamawa inda aka kankare. Daga ƙarshe a shafa mai kaɗan a bayan ƙwaryar, a goge sosai, don mai da ya yi yawa yana yin ɗoyi ya jawo ƙura da kiyashi. Fenti da banish na kafinta ba su da wuri a cikin ƙwaryar da za a zuba fura ko nono, ko da mai saye ya nema, sai dai ta ado da za a rataye a bango.

Idan tsaga ta bayyana ana cikin aiki, ka huda ɗan rami da basilla mai zafi daidai inda tsagar ta ƙare, wannan zai hana ta ci gaba. Sannan a huda ramuka a gefenta biyu a ɗinke, wanda shi ne aikin gyartai, kuma ya kamata kowane mai sassaƙa ya zauna kusa da gyartai ya ga yadda yake jan ɗinkinsa. Ƙoren da aka gama ana rataye su ne ko a kife su a kan tebur, nesa da ƙasa saboda gara, kuma ɗakin da hayaƙin girki ke ɗan shiga yana kore musu ƙwaro, yana kuma ƙara musu ja.

Sa kuɗi da neman mai saye

Kafin ka faɗi farashi, ka haɗa kuɗin duman, da gawayi, da mai, da awoyin da ka zauna, sannan ka ƙara wani abu saboda waɗanda suka fashe, domin ko gwani ba ya rasa asara. Ƙoƙo da ludayi sun fi saurin fita kuma ba sa cin lokaci, don haka su ne suka dace da watannin farko, masaki mai cikakken zane kuwa gara a yi shi bisa oda tare da karɓar kafin alƙalami. Masu haɗa kayan aure, da masu wuraren cin abinci da ke son ba da fura a ƙoƙo, da masu neman tsaraba, su ne masu sayen farko, kuma rubuta sunan amarya ko shekarar biki a gefen ƙwarya yana ƙara mata daraja. Hoton da za a sa a WhatsApp ko Facebook a ɗauke shi da hantsi a inuwa, hasken yana zuwa ta gefe, don zurfin yankan ya fito. Idan hannu ya nuna, akwai baje kolin sana'o'in hannu irin SAFEM da ake yi a Yamai, inda matan jihohi ke kai kayansu, ga kuma kasuwannin Jibiya da Katsina a kusa da mu. Kayan da za su yi irin wannan tafiya ana jera su ne ƙarama cikin babba, a sa tsumma ko busasshiyar ciyawa a tsakaninsu, a ɗaure su cikin kwando, kuma kada a yarda yaran mota su ɗora wani kaya a kansu.